Haƙorin Nomau

A Bilbis, bayan rumfar mai shayi,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
nan nake jingine tsohuwar ja.
Ta girmi ɗana na fari da shekara shida.
Wani baƙo ne ya ƙetaro Sahara da ita,
guzuri ya ƙare masa a Tawa,
ya sayar, ya shiga mota yana waiwaye.

Don tsere aka ƙera ta, ba don kaya ba.
Ni kuwa na ɗaura mata jarka biyu da tabarma,
na ɗaga mata ƙaho don bayana ya huta.
Ta yarda, amma da sharaɗi:
kowace Asabar sai an ji ta bakinta.

Maƙogwaro huɗu gare ta, kowane da ra'ayinsa.
Na fari yana zuƙa kamar raƙumi a bakin rijiya,
na uku tari yake,
na huɗu bai ce uffan ba tun dawowarmu daga Abalak.
Nomau ya ce gidan da ba a shawara
ba ya kai mutum ko Badagishiri.

Nomau ba ya ji.
Shekara arba'in ta salansa ta cinye masa kunne,
in ka yi sallama, leɓɓanka yake kallo.
Amma yakan kafa bakin turnabis a jikin inji,
ya ciji ƙotar da haƙorin gefe,
ya runtse ido,
ƙara ta bi ƙarfe, ta bi muƙamuƙi, ta isa inda take zuwa.
"Bawul na biyu ya saki," in ji shi,
"kaurin gashin akuya."

Mukan zare buji mu jera a kan kwali.
Wannan baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya ci ya wuce kima.
Wancan fari fat, yunwa ke nan.
Abin nema shi ne launin gyaɗa
da aka sauke kafin ta ƙone.

Takardar murfin inji babu a Tawa.
Ƙonni ta ce Yamai, Yamai ta ce a jira jirgin ruwa.
Nomau ya yanki kwalin shayi,
ya bi gefen ƙarfe da ƴar guduma, ƙwas, ƙwas,
har yau ba ta yi ɗigo ba.
Sarƙa kuwa, kananzir da tsohon buroshi,
sannan a bar mata wasan yatsa biyu.
Wanda ya ɗaure ta tamau, a daji zai kwana.

Yau na iso na tarar da shi yana dariya da giɓi.
Haƙorin ya tafi, a cikin kilishi, daren jiya.
Bai ce komai ba,
ya goge ƙotar a rigarsa, ya miƙo mini.

Na ciza.
Ɗanɗanon giris da gumin wani.
Da fari jinina kawai nake ji yana kai da kawo,
sai can ƙasa, kamar sussuka a gidan maƙwabta,
taɓare huɗu, ɗaya na makara.
Na murɗa rubu'i. Ya wuce. Na dawo kaɗan.
Na sake dawowa kaɗan.

Nomau ya ɗauki kofin shayinsa ya aza kan tanki.
Muka zuba masa ido, mu biyu, da yaron mai faci.
Shayin ya yi rawa, ya yi rawa,
sannan ya kwanta
har kumfa ta tsaya cak a tsakiya.

Ya shanye abinsa.
Ya ƙi karɓar jika biyun da na miƙa.
Ya nuna kujerar baya da haɓa:
shekara goma sha ɗaya yana gyaran ta,
bai taɓa ganin ruwan Tabalak ba.

Gobe da asuba, in Allah ya kai mu,
jarka ɗaya za ta kwana gida.